Wa Ke Binciken Ɗan Sanda In Ya Yi Zalunci?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Kwandiko ta wajen Gwaram a jihar Jigawa, ya aiko da takarda yana tambaya: in ɗan sanda ya ci zalin talaka, wa zai bincike shi, tun da ofishin da za a kai kuka nasu ne? Kuma yaushe aka fara wannan a Nijeriya?

To Malam, mun gode da takardarka. A zamanin En'e, Gwaram da Birnin Kudu suna ƙarƙashin En'e ta Kano, 'yan doka ne ke kamu. In ɗan doka ya cuce ka, sai ka je wa hakimi ko Di'o, wato iyayen gidan wanda ya cuce kan. Bayan juyin mulkin 1966, sojoji suka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya, amma matsalar ba ta kau ba: mai laifi da mai bincike duk gida ɗaya.

Dabarar a sami mai sauraron koke wanda ba ya ƙarƙashin wanda ake ƙara, ƙasar Suwidin ta fara ta a 1809. A nan kuwa, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ce ta kafa Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a a 1975, kuma Alhaji Yusuf Maitama Sule ya shugabance ta. Sai dai bincike take yi ta ba da shawara, ba ta hukunci. A 1995 aka kafa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Tsarin mulkin 1999 kuma ya tanadi Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, wadda ke da ikon ladabtar da kowane ɗan sanda ko ta kore shi, ban da Sufeto Janar. A 2015 rundunar da kanta ta buɗe sashen karɓar koke-koke.

Ko abin yana aiki? Ga misali. A watan Yuni 2005 'yan sanda suka kashe matasa shida a Abuja, biyar daga ciki 'yan kasuwar Apo ne, suka ce 'yan fashi ne. Da jama'a suka ta da ƙura, Shugaba Obasanjo ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai shari'a Olasumbo Goodluck, binciken ya ƙaryata maganar fashin. Amma sai a 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa. Ka ga ke nan, gaskiya ta fito ne saboda mai binciken daga waje yake, sai dai an yi shekara goma sha biyu ana jira.

Saboda haka Malam, ka riƙe waɗannan. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama uba a madadin ɗansa, ta hana a kama mutum a kan bashi ko saɓanin ciniki kawai. Beli kuma kyauta ne. In an cuce ka, ka riƙe ranar, da wurin, da sunan da ke ƙirjin ɗan sandan, ka nemi shaidu. Ka sa a rubuta maka takarda, ka ajiye kwafi. Hukumar koke-koke tana da ofis a Dutse, kuma ba a biyan ko kwabo. Amma kada ka bari shekara ta wuce, don dokarta wata goma sha biyu ta ba mai koke.

Da fatan mun amsa. A gaida mutanen Kwandiko.