Jirgin Da Ya Makara Shekara Arba'in: Tarihin Tsara Sufuri A Birnin Ikko

Masu iya magana na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan karin magana ya fi dacewa da birane fiye da yadda ya dace da mutum ɗaya, domin mutum in ya makara yana iya sauri ya cim ma ayari, amma birni in ya makara wajen tanadin hanyoyin da jama'arsa za su bi, to, jikoki ne ke biyan bashin. Don mai karatu ya ga gaskiyar wannan zance, bari mu waiwayi tarihin Ikko, wato Legas, birnin da kusan kowane gida a Arewa yana da wani nasa da ya taɓa zuwa cin rani ko fatauci a cikinsa.

Matsalar Ikko daga shimfiɗar ƙasarta ta faro. Tsohon garin tsibiri ne da ruwa ya kewaye, kuma a kansa ne Turawa suka kafa ofisoshi da kantuna da bankuna, alhali yawancin ma'aikata da 'yan ƙwadago suna kwana a tsallaken ruwa. Ke nan kullum safiya sai jama'a su kwararo wuri ɗaya, da yamma kuma su koma ta hanyar da suka fito. A 1901 aka buɗe gadar Kata, wadda ta haɗa tsibirin da Iddo, inda tashar jirgin ƙasa take. A 1902 kuma aka fara gudanar da wani ɗan ƙaramin jirgi mai tururi da ke bin titi, yana ɗaukar fasinja daga tashar zuwa cikin gari. Bai daɗe ba, don kuwa shekara goma sha biyu kawai ya yi yana ɗaukar mutane, daga nan aka bar shi da aikin kwasar najasa har zuwa 1933, lokacin da aka rufe shi baki ɗaya. Tun daga ranar, jigilar mutanen Ikko ta koma kan mota.

Garin kuwa bai tsaya jira ba. Ƙidayar 1952 ta sami mutum ƙasa da dubu 300 a cikinsa, amma a ƙidayar 1963 sun haura dubu 660. Da kuɗin mai suka shigo bayan yaƙin basasa, sai abin ya zama kamar an fasa madatsar ruwa. Unguwanni irin su Mushin da Oshodi da Agege suka cika suka batse. Motocin gwamnati ba su wadatar ba, sai masu zaman kansu suka cike gurbin da manyan motocin nan da ake kira molue da kuma ƙananan bas masu suna danfo. Gosulo ya zama abincin yau da gobe.

Hukumomin wancan zamani sun gwada dabaru iri-iri. An gina gadar Eko, aka kuma shiga aikin gada ta uku, wadda ba a kammala ba sai 1990. A 1977 aka kafa dokar da ta raba ranakun shiga wasu manyan tituna bisa lambar mota, masu mara yau, masu cika gobe. Sai masu hali suka sayi mota ta biyu, aka koma gidan jiya. Kai, cunkoson Ikko na daga cikin dalilan da suka sa gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawara a 1976 cewa a nemi sabon babban birni a Abuja. Duk waɗannan dabaru abu ɗaya ya haɗa su: mota suke nema wa hanya, ba mutum ba.

Tunani ya fara sauyawa ne da aka zana babban tsarin raya Ikko da kewayenta na shekara ashirin, daga 1980 zuwa 2000, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Gwamnan farar hula na farko, Alhaji Lateef Jakande, wanda ya hau mulki a 1979, ya ɗauki batun jirgin cikin gari da muhimmanci. Hujjar mai sauƙi ce. Jirgi ɗaya mai taragu da yawa yana kwashe mutanen da sai an jera motoci ɗaruruwa kafin su ɗauke su, kuma ba ya tsayawa a gosulo, tun da hanyarsa tasa ce shi kaɗai. Aka tsara layi daga Marina, a tsakiyar tsibiri, ya bi ta Yaba ya nufi Agege, aka ba wa wasu kamfanonin Faransa kwangila, aka aza harsashi a 1983.

Ranar ƙarshe ta wannan shekara sojoji suka karɓi mulki. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta tarar da farashin mai ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa katutu, baitulmali kuma ba ƙarfi. A 1985 aka soke aikin. Adalci ne a faɗi cewa halin da tattalin arziki ke ciki a lokacin ba wasa ba ne, kuma ayyuka da yawa ne suka tsaya. Amma akwai bambanci tsakanin a jinkirta aiki da a soke shi. Sokewar ta jawo shari'a da 'yan kwangila, aka yi asarar miliyoyin daloli ba tare da an shimfiɗa layin da talaka zai hau ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne, a daidai wannan lokaci birnin Alƙahira na Masar yana gina nasa jirgin, shi ma da hannun Faransawa, kuma ita ma Masar ba ta rasa bashi ba. Suka daure, suka buɗe layin farko a 1987, wanda ya zama na farko irinsa a nahiyar Afirka, suka ci gaba da ƙara layuka. Ita kuwa Ikko sai ta shiga shekarun acaɓa. Matasa dubbai, da yawansu 'yan Arewa da maƙwabtanmu na Nijar, suka sami abin yi a kan babur saboda babu wata hanyar da ke kai ma'aikaci wurin aiki a kan lokaci. Da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a manyan sassan birnin a 2020 da 2022, su ne suka fara ɗanɗana kuɗarta. Ashe shawarar da aka yanke a ofis a 1985 tana da hannu a rayuwar yaron da ba a ma haife shi ba a lokacin.

Gyara ya faro ne daga wani mataki da ba shi da armashi a ido, ba gada ba, ba titi ba. A 2002, zamanin Gwamna Bola Tinubu, aka kafa hukumar LAMATA bisa doka, da goyon bayan Bankin Duniya, aka ɗora mata nauyin tsara sufurin birnin gaba ɗayansa. Hukumar ta zana tsarin dogon zango wanda ya ƙunshi layukan dogo da aka raɗa wa sunayen launuka, da hanyoyin bas na musamman, da jiragen ruwa. Ta fara da mai araha: a watan Maris na 2008 aka buɗe hanyar bas ta musamman mai tsawon kilomita 22, daga Mile 12, kasuwar da tumatir da albasar Arewa ke sauka, zuwa tsibiri. An keɓe wa manyan bas gefen titi, ba mai shiga sai su. A 2015 aka ƙara tsawonta zuwa Ikorodu.

Aikin dogo ya fi wuya. An fara Shuɗin Layi zamanin Gwamna Babatunde Fashola, ya yi ta jan ƙafa saboda ƙarancin kuɗi fiye da shekara goma, amma ba a soke shi ba. Gwamnoni suka zo suka wuce, hukumar da taswirarta suna nan. A watan Janairu na 2023 aka ƙaddamar da kashin farko, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, kuma ikon Allah, Muhammadu Buhari ne ya ƙaddamar da shi a matsayinsa na shugaban ƙasa na farar hula. A watan Satumba na shekarar fasinjoji suka fara hawa, shekara arba'in cif bayan harsashin Jakande. A 2024 aka buɗe Jan Layi, kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ya ratsa Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, kusan hanyar da aka zana tun farko.

Mai karatu zai lura cewa Jan Layi ya samu ne saboda ya bi filin tsohon layin dogo na Turawa, wanda aka keɓe fiye da shekara ɗari da suka wuce. Inda babu irin wannan fili kuwa, sai an rushe gidaje, an biya diyya, ko an ɗaga layin sama bisa ginshiƙai masu tsada. Kuɗi ana iya ranto su daga baya, amma fili in an gine shi, ya tafi ke nan.

Tarihin nan ya nuna cewa Ikko ba ta taɓa rasa masu zana taswira ba. Abin da ta rasa shi ne hukumar da za ta riƙe taswirar in mai mulki ya sauka. Mu ma a nan muna da namu misalin: an zana wa Kano tsarin raya birni na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, amma ga shi yau A Daidaita Sahu ne ke ɗauke da yawancin jama'arta, gonakin Kumbotso da Ungogo kuma sun zama unguwanni. Kaduna da Maiduguri da Sakkwato duk faɗaɗa suke yi. Yanzu ne ya kamata a shata hanyoyin da jikokinmu za su bi, a kare su da doka, tun kafin masu awon filaye su riga mu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.