Arna, Maguzawa da 'Yan Bori a Tarihin Mafara, Bakura da Maradun

Akwai kalmomi uku waɗanda a kan gwama su wuri ɗaya in ana zancen addinin Hausawa na gargajiya, watau arne, da Bamaguje, da ɗan bori. Galibin mutane sun ɗauka duk abu guda su ke nufi, alhali kuwa kowace da asalinta da inda ta dosa. Ƙasar da ke tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari, gama a nan ne aka yi waɗansu manyan abubuwa da suka sauya ma'anar kalmomin, tun daga zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo har zuwa shekarar 2000.

Asalin sunayen

Kalmar arne Hausa ce tsantsa, a Yamma kuma a kan ce azne ko anne. A bakin mai sarauta na da, sau da yawa ba ta wuce nufin talaka manomi mazaunin ƙauye ba. A Maraɗi, waɗanda a ke kira Anna su ne zuriyar masu ƙasa na farko, masu riƙe da asirin noma da farauta da ƙira. Abin lura shi ne, kalmar da Turawa ke kiran mai irin wannan addini da ita ta fito ne daga Latin, kuma can ma asalinta mutumin ƙauye ta ke nufi. A wurare biyun duka birni ne ya fara karɓar sabon addini, ya waiwayo ya laƙa wa ƙauye suna.

Bamaguje kuwa, ra'ayin da ya fi ƙarfi wurin masana shi ne daga Larabci ta fito, daga Majusu, mabiya tsohon addinin Farisa. Su Majusawa an karɓi jiziya daga gare su tun farkon Musulunci, aka bar su da addininsu. Saboda haka kiran arnan Hausa da wannan suna hukunci ne na shari'a: mutum ya biya abin da aka aza masa, ya zauna cikin amana. Sunan bai faɗi kome ba game da abin da mutumin ya gaskata.

Zamfara a idon masu jihadi

Bayan da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara wajen 1762, sarautar Zamfara ta watse, garuruwa suka zauna kowane da ubangidansa. Cikin wannan hali Shehu ya shigo yawon wa'azi, ya yi kamar shekara biyar a ƙasar, ya zauna a Faru, wadda ke cikin ƙasar Maradun. Ƙanensa Abdullahi ya ba da labari cikin Tazyinul Waraƙati cewa sun tarar da jahilci ya rinjayi mutanen wurin, yawancinsu Musulunci bai kai gare su ba. A Magami ne kuma Shehu ya sadu da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ran Babbar Salla, wajen 1788. Da aka fara yaƙi, jama'ar Shehu ta sauka Sabon Gari ta ƙasar Bakura cikin 1805.

Cikin Nurul Albabi Shehu ya kasa mutanen ƙasar Hausa kashi uku: Musulmi na sosai, da waɗanda ba su taɓa karɓar Musulunci ba, da masu garwaya, watau masu salla da azumi amma suna yanka wa itatuwa da duwatsu. To, a nan ne gizo ke saƙar. Kashi na biyu suna iya samun amana, su ne Maguzawa. Kashi na uku ne aka fi tsananta wa, domin su suna da'awar Musulunci. Tun daga sa'an nan gardamar ta fi zama tsakanin Musulmi da Musulmi, a kan abin da ya halatta a riƙe na gadon kakanni.

Rassan abin da a ke kira Maguzanci

Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 da 1939, ya buga littafinsa a 1946, ya nuna sun yarda da Allah Maɗaukaki, sai dai suna ganin ya yi nisa, don haka hulɗarsu da iskoki ta ke. Kurt Krieger, wanda ya buga tarihin Zamfara da Jamusanci a 1959, ya tattara labaransa a ƙasar Anka. In aka haɗa irin waɗannan bincike, za a ga abin ya rabu aƙalla gida huɗu.

Na fari shi ne tsafin gida, wanda a ke kira kan gida. Kowace zuriya da iskar da ta gada, da irin dabbar da a ke yanka mata, da abin da aka hana 'yan gidan ci. Mai gida ne ke yanka, ba ya kuwa bukatar hawan iska. Na biyu tsafin sana'a ne, irin na Sarkin Noma, da buɗin daji na mahalba, da asirin masunta da maƙera. Na uku tsafin gari ne, wanda ke ɗaure da wani dutse ko kuka ko gurbin ruwa, kamar Magiro na dutsen Kwatarkwashi.

Na huɗu shi ne bori, ya kuwa bambanta da sauran ƙwarai. Ba lalle sai an gaje shi ba. Ciwo ne ya kan kai mutum, a yi masa girka, ya zama doki, in mace ce ta zama goɗiya, iska ta riƙa hawa in an kaɗa mata garaya ko goge. Yawancin masu yinsa Musulmi su ke kiran kansu, mata kuma sun fi yawa. Iskokin birnin Jangare su kansu madubin zaman Hausawa ne: akwai Sarkin Aljan Sulemanu, da Malam Alhaji mai carbi, da Ɗan Galadima ɗan sarki almubazzari, da Inna Bafillatana, da Sarkin Rafi. Da Turawa suka zo, sai iskoki masu kayan soja suka ɓullo a ƙasar Filinge wajen 1925. Bayi kuma sun kai bori har Tunis da Tarabulus, inda Tremearne ya same shi, ya buga littafi a kansa a 1914.

Abin da ya faɗi da abin da ya saura

Waɗannan rassa ba su yi rauni lokaci ɗaya ba. Yawon musuluntarwa na Sardaunan Sakkwato daga 1963 zuwa 1965 ya fi taɓa tsafin gida da na gari, gama in mai gida ko mai gari ya musulunta, babu sauran mai yanka. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, ta shanye gonaki da ƙauyuka a kwarin gulbin Sakkwato, har manoma suka yi bore aka kashe mutane da yawa a watan Afrilu na 1980. Duk abin da ke ɗaure da itace ko dutse ba shi tashi tare da mai ƙaura. A 1978 ɗin nan aka kafa ƙungiyar Izala a Jos, wadda ta ɗauki yaƙi da bidi'a babban aikinta. Daga bisani Gwamna Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya yi shelar shari'a a Gusau ran 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki cikin Janairu 2000, wasan bori a dandali ya zama abin da hukuma ke hanawa.

Amma fa gaskata iskoki bai tafi ko'ina ba, domin Alƙur'ani ya tabbatar da akwai aljannu. Abin da ya sauya shi ne hanyar ma'amala da su. Ɗan bori lallashin iska ya ke yi, ya zauna da ita. Malamin ruƙiyya korar ta ya ke yi. Mara lafiyar ɗaya ne, bayanin ciwon ma kusan ɗaya ne.

A Turai al'amarin ya bi wata hanya dabam. Can waɗansu ne suka ɗauki sunan arna da kansu, suna neman rayar da addinan da suka mutu tun ɗaruruwan shekaru: Gerald Gardner ya bayyana nasa a Ingila a 1954, ƙasar Aislan ta amince da masu bautar gumakan kakanninsu a 1973, ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 kuma ta sami mutum wajen 74,000 masu kiran kansu da wannan suna. A Zamfara kuwa sunan zagi ne, ba mai ɗora wa kansa.

Wannan shi ya sa aikin malamin Hausa ke da nauyi. Ɗalibin da ya haɗu da kan gida, ko girka, ko buɗin daji cikin waƙa ko kirari, in aka ce masa duk arnanci ne aka wuce, ya rasa tarihin mutanen da suka yi harshen da ya ke karantawa. Kamata ya yi a koya masa tambaya uku a kan kowace kalma: wa ya faɗe ta, ga wa, kuma a wane zamani.