Gishirin Bilma da Funfunar da Ba Ta Jin Gishiri

Waɗanda muka taso tare a Yashe ba za su manta da hunturu ba, lokacin da Buzaye kan sauke raƙumansu a bayan gari ɗauke da kantu da beza daga Bilma da Fachi. Hanyar tsohuwa ce ƙwarai. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ayarin gishiri ya biyo daga Asbin, ya iso Katsina cikin Janairun 1851, ya ratsa ta Kusada ya nufi Kano.

Abin da muka gāda wurin iyaye shi ne duk abin da ya sha gishiri ba ya ruɓewa. Shi ya sa mahauci kan barbaɗa wa fata kafin ta je hannun majemi. Da muka shiga aji uku, malaminmu na kimiyya, Allah ya jiƙansa, ya ba mu dalili: gishiri yana tsotse ruwan jikin ƙwayar cuta da na funfuna har su mutu. Haka na rubuta a jarrabawa, na kuwa ci.

To, ashe akwai saura. Tun 1887 wani masani a Norwe, Johan-Olsen, ya ga funfuna tana tsirowa a kan busasshen kifin da aka cika wa gishiri. A 1998 masana suka ba da labarin samun funfuna da ranta a cikin Bahar Luɗu, tekun da ake ce wa matacce. A shekarar 2000 kuma Nina Gunde-Cimerman da abokan aikinta suka nuna cewa wuraren haƙar gishiri na Sečovlje, a ƙasar Sulobeniya, gidan wata baƙar funfuna ce mai suna Hortaea werneckii. Dabararta ita ce tara gilisirin a jikinta, sai ruwan ya ƙi fita. Ita kuwa waccan ta kifin, Wallemia ichthyophaga, al'amarinta ya fi ban mamaki, don in babu gishiri ma ba ta tsirowa sam.

Wani zai ce ina ruwan Bayashe da wannan? Ni dai na ga gonar noman rani da ban-ruwa ya bar mata farin gishiri a sama, albasa ta ƙi, mai gonar ya tattara ya bar ta. A 2013 masanan Sulobeniya suka ɗauko wani ɗan yanki na ƙwayar gādo daga wata baƙar funfuna daban suka dasa a jikin tsiro, sai ya fi 'yan'uwansa jure gishiri da ƙarancin ruwa. Sai dai kada abokaina manoma su yi saurin murna. Tsiron da aka gwada ɗan ƙaramin haki ne na ɗakin bincike da ake kira Arabidopsis, ba shinkafa ba ce, ba kuma alkama ba.