Shaidar da Turawa Suka Ƙi Karɓa

A shekara ta 1845 wani jarumin ruwa na Ingila, Sa Jon Faranklin, ya tashi da jirage biyu, Erebus da Terror, da mutum 129 har da shi kansa, domin neman hanyar ruwa ta arewacin Kanada. Ƙanƙara ta kama jiragen kusa da Tsibirin Sarki Wiliyam. Ko mutum ɗaya bai komo ba.

Amma ƙasar ba kango ba ce. Mutanen Inuwit suna zaune a can tun kaka da kakanni, suna farauta, sun kuwa ga abin da ya faru. A 1854 wani likita, Jon Re, ya zauna da su ya saurara. Suka ce an ga Turawa wajen arba'in suna jan kwalekwale zuwa kudu, sun rame ƙwarai. Daga baya aka tarar da gawawwaki, da alamar cewa yunwa ta sa waɗansu sun ci naman 'yan'uwansu. Suka sayar masa da cokula na azurfa masu tambarin hafsoshin jirgin.

Da labarin ya kai Landan, sai aka fusata. Matar Faranklin ba ta yarda ba. Shahararren marubucin nan Calis Dikins ya rubuta cewa ba a gaskata maganar irin waɗannan mutane, har ya yi zato ko su ne suka kashe Turawan. Mai karatu zai tuna yadda almajirai suka yi da labarin matan da suka komo daga kabari da sassafe. Ba a auna maganar ba, mai maganar aka raina. Sai bayan shekara ɗari da 'yan kai masana suka duba ƙasusuwan, suka ga sawun wuƙa a jikinsu.

Inuwit dai suka riƙe labarin a baki. Wani malamin makaranta na garin Gjoa Haven, Luwi Kamukak, ya ji shi tun yana yaro daga wata kakarsa, ya yi shekaru yana bin tsofaffi yana tattara sunayen wurare. A 2014 masu binciken Kanada suka sami Erebus a ƙarƙashin ruwa, a yankin da Inuwit suke kira Ugjulik, inda tsofaffi suka daɗe suna cewa jirgi ya nutse. A 2016 wani mafarauci, Sami Kogbik, ya faɗa wa ma'aikatan jirgin bincike cewa ya taɓa ganin dogon itace a tsaye cikin ƙanƙara. Suka juya can, suka tarar da Terror.

A 2018 Ingila ta miƙa jiragen biyu ga Kanada da Inuwit su mallake su tare. Kamukak ya rasu a shekarar nan. Mutanen Gjoa Haven suka shiga aikin gadin wurin, suna kafa tanti a bakin teku lokacin da ƙanƙara ta narke.