Ƙugun Kuromosom: Me Ke Nuna Wurin Kamawa?

A shekarar 1882 wani masani Bajamushe, Walther Flemming, ya wallafa zanen abin da ya gani a madubin ƙara girma. Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu, sai wasu zarurruka da ke cikinta, waɗanda aka raɗa wa suna kuromosom daga baya, su jeru a tsakiya, kowanne ya tsage biyu, rabi ya yi nan, rabi ya yi can. Masana suka lura cewa wuri guda ake kamawa a ja, wani matsattsen ƙugu da ake kira santiromiya. Rabon nan ba abin wasa ba ne. In aka kuskure, ƙwaya ɗaya ta tashi da ƙari, ɗayar da giɓi. Ƙarin kuromosom na 21 ne ke haddasa larurar Down.

To, me ke sanar da ƙwaya inda ƙugun yake?

An daɗe ana zaton amsar tana rubuce cikin DNA. A 1980 Louise Clarke da John Carbon, a Kalifoniya, suka ware santiromiyar yis, aka kuma gano ɗan gajeren jeri ne, haruffa kamar 125. A jikin ɗan Adam kuwa, jeri ne mai haruffa 171 da ke ta maimaita kansa sau dubbai. Sai aka ɗauka magana ta ƙare.

Ashe da sauran rina a kaba. A 1993 masu bincike a Melbon ta Ostireliya suka ci karo da wani guntun kuromosom na 10 a jikin wani yaro. Ko ɗigon wancan jeri babu a cikinsa, amma yana rabuwa lafiya lau, don ya yi wa kansa sabon ƙugu a wurin da ba a taɓa sanin sa da shi ba.

Amsar kuwa tana hannu tun 1985, lokacin da William Earnshaw ya gano wani furotin, CENP-A, ta hanyar jinin masu wata cutar taurin fata. Inda furotin ɗin ya taru da yawa a kan DNA, nan ne ƙugu, kuma bayan kowane rabo tsohonsa ne ke jawo sabo zuwa wurin. Ke nan alama ake gada, ba rubutu kaɗai ba. A ganina wannan ya fi gano ƙugun kansa ban mamaki.

Shi kuwa jerin mai maimaituwa, sai a 2022 aka wallafa shi cikakke, bayan aikin karanta DNA ɗin ɗan Adam na 2003 ya tsallake shi saboda wuyarsa.