Maƙwabcina Mai Bukka: Kirista Da Idin Bani Isra'ila



Shekarar da na baro Maraɗi na kama haya a Jekadafari, akwai wani maƙwabcinmu Kirista, mutumin kudu, mai sayar da kayan gyaran mota. Ranar Asabar ba ya buɗe shago ko nawa za a ba shi. Da damina ta ja baya kuma sai ya kafa 'yar bukkar ganye a tsakar gida, shi da iyalinsa su yi kwana 7 a nan suke cin abinci. Nan fa raɗe-raɗi ya tashi wai Bayahude ne yake ɓoyewa, har wasu matasa suka nemi mai gida ya tashe shi.

Da na tambaye shi sai ya buɗe mini Littafin Firistoci sura 23, inda aka jera Asabar, Idin Ƙetarewa, Ranar Kafara da Idin Bukkoki. Ya ce Yesu ya kiyaye su, shi ya sa cocinsu ke kiyayewa. Wannan ya sa na shiga bin tarihi.

Ashe gardamar tsohuwa ce. Almajiran Yesu na farko Yahudawa ne, da waɗannan ranaku suka tashi. A ƙarni na 2 Kiristocin yankin da yanzu ake kira Turkiyya suna yin Ista ranar 14 ga watan Nisan, daidai da Idin Ƙetarewa, su kuwa na Rum suka nace sai ranar Lahadi. Bayan taron Nikiya na 325 aka raba lissafin Ista da na Yahudawa. Duk da haka a 386 babban mai wa'azin Antakiya, Yahaya Kirisostom, yana ta faɗa da mabiyansa masu zuwa bukukuwan Yahudawa. Ba a hana abin da ba a yi.

A Habasha kuwa, a 1450 Sarki Zara Yakob ya tabbatar da girmama Asabar da Lahadi duka biyun. Nan arewa ma, a farkon shekarun 1930 mishan ɗin Adventist suka zauna a Jengre ta ƙasar Filato da koyarwar hutun Asabar, ko da yake su ba sa kafa bukka. Galibin Kiristocin jiharmu, irin na ECWA da suka samo asali daga mishan ɗin SIM da ya isa Kaltungo a 1917, Lahadi suka riƙe, kuma suna ganin waɗancan bukukuwa sun cika da zuwan Almasihu.

Mu Musulmi bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Manzon Allah (SAW) ya tarar da Yahudawan Madina suna azumin Ashura don tunawa da kuɓutar Annabi Musa daga Fir'auna, ya yi umurni a azumta, daga baya ya yi niyyar ƙara ranar 9. Azumin bai mai da kowa Bayahude ba.

Wannan misalin na kawo wa dattawan layinmu, aka kuwa kyale bawan Allah da bukkarsa. 'Yan uwa, mu ma baƙi ne a garin nan, mun san ɗacin a laƙa wa mutum suna ba a tambaye shi ba. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya zaunar da Gombe lafiya, amin.