Kwapanhagan, Garin Bishop Absalon

A ƙarƙashin fadar Christiansborg da ke Kwapanhagan, inda majalisar dokokin Danmak take zama, akwai ragowar wata tsohuwar ganuwa. Malamin coci ne ya gina ta a 1167, Bishop Absalon.

A lokacin Kwapanhagan ƙaramin gari ne na masunta a bakin mashigin Øresund, inda kifi ya yi yawa har fatake ke zuwa daga nesa. Wendawa, mazauna kudancin tekun Baltik, sun addabi gaɓar Danmak da hari, suna kame mutane. Sarki Valdemar na Ɗaya ya ba Absalon garin, shi kuma ya kafa sansani a ɗan tsibirin da ke gabansa.

Amanar da sarki ya ba shi tana da tushe, domin a gidan Asser Rig, mahaifin Absalon, aka yi renon Valdemar. Absalon ya yi karatu a Paris, ya zama bishop na Roskilde a 1158, daga baya babban bishop na Lund. Shi ne mashawarcin sarki, kuma da kansa yake jan jiragen yaƙi. Yana cikin waɗanda suka ci Arkona a tsibirin Rügen, aka sare gunkin Svantevit, aka shigar da mutanen cikin Kiristanci da ƙarfin tuwo. Manoman Skåne ma, Kiristoci 'yan'uwansa, sai da suka yi masa tawaye kan harajin coci. Wannan gefen nasa bai kamata a ɓoye shi ba, tunda yawancin labarinsa daga alƙalamin magatakardansa Saxo ya fito, kuma yabo ya yi masa yawa.

Bayan rasuwar Valdemar a 1182, Absalon ne ya riƙe ragamar mulki a bayan matashin sarki Knud na Shida, ya kuma tarwatsa jiragen Pomeraniya a 1184. Ya rasu a 1201, aka binne shi a Sorø.

Garin ya zauna a hannun bishop-bishop na Roskilde, ɗayansu Jakob Erlandsen ya ba shi takardar 'yancin birni a 1254. Garuruwan ƙawancen Hansa sun rushe sansanin a 1369. Sai a farkon ƙarni na 15 Sarki Erik ya karɓe garin, sannan ya kama hanyar zama babban birni.

Ana kiran Absalon wanda ya kafa Kwapanhagan, amma tonon da masana suka yi ya nuna garin ya girme shi. Tsaro ya kawo masa, fatake suka samu natsuwar sauke kaya.